Yadda Ake Gane Kwaɗon Dafi da Sanya Shi Cikin Danginsa

Ɗalibin ilimin dabbobi a Akoka, ko malamin bayoloji a wata sakandare a Agege, idan aka miƙa masa hoton wani ɗan kwaɗo shuɗi ko ja aka ce ya faɗi sunansa, launi yake fara kamawa. Daga nan kuskure yake somawa. A tsibiran Bocas del Toro na ƙasar Fanama akwai nau'i guda ɗaya, Oophaga pumilio, wanda a wannan tsibiri ja ne, a wancan kore, a na gaba shuɗi, a wani kuma fari-fari mai ɗigon baƙi. A ƙasar Peru kuma akwai Ranitomeya imitator, wanda yake ɗaukar kamannin wasu nau'o'in da yake zaune kusa da su, har gwani ya kan tsaya ya sake dubawa. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka wannan bayani zai bi hanyar da masu rarrabe kwaɗi suke bi: a fara da inda aka samo dabbar, a duba yatsu da haƙora da fata, a duba yadda take renon 'ya'ya, launi ya zo a ƙarshe.

Sunan nasu ma yana bukatar gyara tun farko. Maharban ƙasar Hausa daga tsiro suke haɗa dafin kibiya, irin su ƙwanƙwani. Mutanen Embera na yammacin Kolombiya kuwa daga fatar kwaɗo suke samun nasu, suna shafa wa 'yan tsinkayen da suke hurawa ta cikin dogon bututu. To amma nau'i uku kacal aka tabbatar ana wannan aiki da su, Phyllobates terribilis da Phyllobates bicolor da Phyllobates aurotaenia, daga cikin nau'i sama da 300 na wannan babban gida. Da yawa daga cikin sauran ruwan ƙasa ne, ba su da dafin a zo a gani.

Tsanin sunaye

Kafin a taɓa ko da hoto, a riƙe matakan. A nan za mu kira su babban gida, dangi, reshe, jinsi, nau'i. Ƙarshen sunan Latin shi ke nuna matakin: wanda ya ƙare da -oidea babban gida ne, -idae dangi ne, -inae reshe ne. Sunan nau'i kalma biyu ne, ta farko jinsi da babban baƙi, ta biyu da ƙaramin baƙi ko da sunan mutum ce.

Babban gidan shi ne Dendrobatoidea, kuma gaba ɗayansa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, daga Nikaraguwa zuwa Bolibiya da kudu maso gabashin Brazil. A shekarar 2006 Taran Grant da abokan aikinsa suka fitar da babban bincike da ya haɗa ƙwayoyin gado da siffar jiki, suka raba gidan biyu. Dangi na ɗaya Aromobatidae, masu launin ɓuya, irin su Allobates da Mannophryne da Anomaloglossus. Na biyu Dendrobatidae, mai nau'i kusan 200, wanda duk masu dafin gaske suna cikinsa. Shi kuma reshe uku gare shi: Dendrobatinae, Colostethinae da Hyloxalinae. Wasu masana har yau suna haɗa dangin biyu su kira su Dendrobatidae gaba ɗaya, su mayar da Aromobatidae reshe. Duk wanda zai rubuta aikin makaranta sai ya faɗi tsarin da ya bi a shafin farko, ya kuma tsaya a kansa, domin haɗa tsarin biyu a takarda ɗaya shi ke sa lissafin nau'o'i ya ƙi daidaita.

Kayan aiki da hotunan da ake bukata

A Legas abu uku ne zai iya zuwa hannunku: hoto daga intanet, gawar kwaɗo a cikin kwalbar etanol, ko kuma, jefi-jefi, mai rai da wani ya shigo da shi. Ga kowanne ana bukatar gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, da rula mai milimita ko ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da makanikai ke auna kaurin ƙarfe da shi, da safar hannu ta roba marar hoda, da ƙaramin mazubi na roba mai haske wanda ake iya hango cikin dabbar ta ƙasansa.

Awon da ake amfani da shi ɗaya ne, daga ƙarshen hanci zuwa dubura, dabbar na kwance a miƙe. Ba a sa ƙafafu a lissafi. Masu farawa suna yawan auna kwaɗon yana tsugune da bayansa a tanƙware, sai a rasa milimita biyu ko uku, kuma a dabbar da duk tsawonta bai wuce milimita 18 ba wannan ya isa ya kai mutum wani jinsin.

Hoto ɗaya daga sama ba ya isa. Ana son biyar: baya, ciki, gefe, tafin hannu da yatsu a baje, sai matsematsi da bayan cinya. Idan hoton intanet ne kuma babu na ciki da na hannu, a yarda tun farko cewa iyakar da za a kai ita ce jinsi. Sai bayanin wuri: ƙasa, lardi, tsayin wurin daga teku, da ko gabas ko yamma da tsaunukan Andes aka ɗauka. Wannan na ƙarshe yana yanke rabin aikin. Phyllobates da Oophaga na Amurka ta Tsakiya ne da yammacin tsaunukan, Ranitomeya da Adelphobates kuwa na kwarin Amazon ne. Hoton da ba shi da wuri, ko wanda aka ɗauka cikin akwatin gilashi a Turai, shaidarsa rabi ce.

Mataki na farko: a tabbatar ba na gida ba ne

Babu kwaɗon wannan gida ko ɗaya da yake rayuwa a dajin Afirka. Duk kwaɗo mai launi da aka kama a Lekki ko Ikorodu ko gefen tafkin Legas, a fara nemansa cikin namu. Biyu ne suke yawan ruɗa mutane. Na farko 'yan kwaɗin ciyawa na jinsin Hyperolius, ƙanana masu kore da rawaya da ratsi, waɗanda suke manne a ganye kusa da ruwa. Da dare suke fita suna kuka, kuma akwai tantani tsakanin yatsun ƙafarsu. Na biyu Phrynomantis microps, mai jan baya da baƙin gefe, wanda mutanen da suka taso a Arewa za su iya saninsa domin na ƙasar ciyawa ne. Kansa ƙarami ne, tafiya yake yi maimakon tsalle, yana kwana a ramukan tururuwa, kuma ruwan fatarsa yana da zafi idan ya shiga ido ko ciwo. Yana da guba tasa, amma danginsa Microhylidae ne, nesa da waɗanda muke magana.

Daga waje kuma akwai Mantella na Madagaska. Mantella aurantiaca ruwan lemo ne, tsawonsa kusan ɗaya da Oophaga pumilio, da rana yake yawo, kuma shi ma daga ƙwari yake tara dafi. Babu dangantaka ta kusa tsakaninsu, rayuwa iri ɗaya ce ta kai su siffa iri ɗaya. A juya namijin Mantella a duba ƙarƙashin cinya, za a ga wasu kumburarrun tabo na fata da kwaɗin Amurka ba su da su.

Alamar da ta fi kowace amfani tana kan yatsa. A sa gilashi a dubi saman ƙarshen yatsa: a duk 'yan Dendrobatoidea akwai 'yan tudu biyu na fata, kamar ɓawon gyaɗa da aka tsaga, da tsagi a tsakiya. Hyperolius da Phrynomantis ba su da wannan. Sai dai a kula, kwaɗin Petropedetes da ke kan duwatsun rafuka a Kuros Riba da Kamaru su ma suna da irin tudun, har a da wasu masana suka zaci 'yan'uwa ne, kafin binciken ƙwayoyin gado ya raba su. Su ruwan ƙasa ne, na dare, da babban faifan kunne. Don haka alamar yatsa tana aiki ne tare da bayanin wuri. Ƙari a kan wannan, kusan duk 'yan gidan da rana suke harka, a kan ƙasa suke yin ƙwai, kuma uwa ko uba yana goya talibambam, wato ɗan kwaɗo mai wutsiya, a bayansa zuwa ruwa. Kwaɗon da aka gani da 'ya'ya manne a baya cikin dajin Amurka ta Kudu da tsakar rana, kusan an gama magana a kan gidansa.

Mataki na biyu: hannu, haƙori, fata

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ya kamata a daɗe. A baje hannun, a haɗa yatsa na farko da na biyu a ga wanne ya fi tsawo. Idan na farko ya gaza na biyu a fili, kuma kawunan yatsun suna da faɗi, ana cikin Dendrobates ko Oophaga ko Ranitomeya ko makusantansu, masu hawan ganye da kututture. Idan na farko ya kai na biyu ko ya wuce shi, kuma kawunan yatsun sirara ne, a nufi Phyllobates ko Ameerega ko Epipedobates ko masu ruwan ƙasa. Akwai tarko a ƙirgar yatsun. Hannun kwaɗo yatsa huɗu ne, tsofaffin littattafai suna ƙirga su daga 1 zuwa 4, wasu sababbin rubuce-rubuce kuma daga 2 zuwa 5, bisa hujjar cewa babban yatsa ne ya ɓace. Abin da wani ya kira yatsa na uku, shi wani yake kira na huɗu. A duba yadda marubucin yake ƙirgawa kafin a ce siffar ba ta dace ba. Wannan yana da muhimmanci musamman a kan kumburin yatsa na uku da ake gani a mazan Colostethus da Epipedobates da Allobates da yawa.

Haƙora a muƙamuƙin sama suke, ƙanana ƙwarai. A gawar da ke cikin etanol ana bin gefen muƙamuƙin da bakin allura a hankali, idan akwai za a ji tana karta kamar zarto. Phyllobates yana da su, Dendrobates da Oophaga da Ranitomeya ba su da su. Kada a yi wannan gwaji a kan mai rai, muƙamuƙin yana karyewa da ɗan matsi.

Da waɗannan biyu a hannu, sai a bi jinsunan.

Phyllobates manya ne a gidan, fata sumul, babu tantani a ƙafa. Phyllobates terribilis, wanda Charles Myers da John Daly da Borys Malkin suka bayyana a 1978 daga yankin kogin Saija a lardin Cauca na Kolombiya, yakan kai milimita 45 ko ya ɗan wuce, launi ɗaya tun daga kai har ƙafa: rawaya, ruwan lemo ko kore mai haske. Ga abin da ke kayar da mutane: ɗansa da bai daɗe da fita ruwa ba baƙi ne da ratsi biyu na zinariya a gefen baya, sai yana girma ratsin ya bazu ya rufe jiki. A wannan ƙuruciya yana kama da babban Phyllobates aurotaenia, wanda shi yake riƙe ratsinsa har tsufa. Awo ne zai raba su, shi ya sa ba a tsallake shi. Phyllobates bicolor kuma ƙafafunsa sun fi jikinsa duhu.

Dendrobates a yau ƙaramin jinsi ne, nau'i biyar ake ƙirga masa, ko da yake a da kusan duk mai launi a cikinsa ake zubawa. Dendrobates tinctorius na Surinam da Gayana da arewacin Brazil shi ne babba, yana kai milimita 50, yana tsugune a miƙe da ƙugu a tanƙware. Shuɗin kwaɗon nan da ya cika hotunan intanet, wanda aka daɗe ana kira Dendrobates azureus daga yankin Sipaliwini na Surinam, tun 2006 aka nuna cewa launi ne kawai na tinctorius. Dendrobates leucomelas na Benezuwela baƙi ne da ɗamara rawaya, kukansa dogo kamar na tsuntsu. Dendrobates auratus kore da baƙi ne, daga Nikaraguwa zuwa Kolombiya, kuma idan aka ga hotonsa daga Hawai ba kuskure ba ne, an kai shi tsibirin Oahu a 1932 don ya ci sauro, ya zauna.

Ranitomeya su ne 'yan mitsi-mitsi, yawanci ƙasa da milimita 20, kamar farcen babban yatsa, ƙafafunsu da zanen raga, shuɗi ko toka a kan baƙi. A 2011 aka cire na tsaunukan Kolombiya da Ekwado da Fanama daga cikinsu aka ba su sunan Andinobates. Idan girma da siffa sun ce Ranitomeya amma wurin ya ce tsaunukan Kolombiya, Andinobates ne. Sauran 'yan reshen Dendrobatinae ba su da yawa: Adelphobates na Amazon, wanda ɗayansu, castaneoticus, yake zuba 'ya'yansa a ɓawon wani babban 'ya'yan itace na Brazil da ruwa ya taru a ciki, sai Excidobates, sai Minyobates mai nau'i ɗaya a kan dutsen Yapacana na Benezuwela.

A reshen Colostethinae, Ameerega ake fara ganewa da taɓi ko da ido: fatar baya tana da ƙuraje-ƙuraje kamar tsakin gero, kuma da yawansu suna da tabo rawaya ko ja a hammata da matsematsi da bayan ƙafa, wanda sai ya yi tsalle ake gani. Dalilin neman hoton matsematsi ke nan. Ameerega trivittata babba ne, baƙi da ratsi kore ko rawaya. Epipedobates ƙanana ne na yammacin Ekwado da arewacin Peru da kudancin Kolombiya, ja-ja da fararen ratsi. Amma ga matsala: Allobates femoralis, wanda ɗan Aromobatidae ne, yana da ratsi da tabon cinya kusan iri ɗaya da wasu Ameerega da yake zaune da su. Nan sai an haɗa da zanen ciki da kuka.

Masu ruwan ƙasa, wato Hyloxalus da Colostethus da mafi yawan Aromobatidae, gaskiya ba aikin hoto ba ne. Ana bin ratsi uku na gefe, wanda ya bi saman gefen baya, wanda ya karkata daga matsematsi zuwa ido, da wanda ya bi gefen ciki, sai yawan tantanin ƙafa. Mannophryne na Benezuwela da Tirinidad yana da baƙar sarƙa a maƙogwaro, Anomaloglossus yana da ɗan tsiro a tsakiyar harshe. Bayan waɗannan, a tsaya a dangi a rubuta haka, ya fi a laƙa suna na ƙarya.

Mataki na uku: yadda suke renon 'ya'ya

Idan akwai bidiyo ko bayanin wanda ya gani da ido, halin haihuwa shaida ce mai ƙarfi, wani lokaci ta fi siffa. A yawancin gidan namiji ne yake gadin ƙwai a kan ganye, yana jiƙa su, bayan kamar sati biyu su ƙyanƙyashe ya goya su. Ameerega da Epipedobates suna yin ƙwai da dama, uban ya kwashe goyon gaba ɗaya ya zuba a kududdufi ko gefen rafi. Dendrobates da Ranitomeya ƙwai kaɗan suke yi, kuma ɗaya-ɗaya ake kai 'ya'yan, saboda talibambam ɗinsu suna cin junansu idan aka haɗa su a ƙaramin ruwa.

Oophaga ya fita daban, kuma sunan ma'anarsa mai cin ƙwai. Uwa ce take goyo. Tana kai kowane ɗa wani ɗan ruwa da ya taru a gindin ganyen tsiro, galibi dangin abarba da ke tsirowa a kan itatuwa, ruwan da bai fi cokali ɗaya ko biyu ba. Babu abinci a wurin, don haka duk bayan 'yan kwanaki take komawa. Ɗan ya karkaɗa jiki, ita kuma ta zuba masa ƙwai marasa ɗa ya ci, haka har kusan sati shida zuwa takwas. Ba ya rayuwa a kan wani abinci. An kuma gano cewa a cikin ƙwan akwai dafi kaɗan, wato tun yana ruwa uwa take ba shi makami. Saboda haka idan aka ga mace ce take goyo kuma ita kaɗai take ciyarwa, Oophaga ne. Idan kuwa namiji ne ya kai ɗan, sannan ya riƙa kiran matar ta zo ta zuba ƙwai, wannan halin Ranitomeya imitator ne da wasu 'yan'uwansa, kuma shi imitator an tabbatar mace ɗaya da namiji ɗaya suke zama, abin da ba a saba gani a kwaɗi ba.

Abin da ya sa ba a rarrabe su da dafi

Mutum zai so a ce masu dafi dangi ɗaya, marasa dafi wani dangin. Ba haka abin yake ba. Launi mai gargaɗi da dafi sun ɓullo sau da dama daban-daban a cikin Dendrobatidae, shi ya sa Ameerega mai launi ya fi kusa da Colostethus mai ruwan ƙasa fiye da kusancinsa da Dendrobates. Kuma kwaɗon ba shi yake ƙera dafin ba. Daga abinci yake tarawa: tururuwa, wasu ƙananan halittu dangin kaska da ke cikin ruɓaɓɓen ganye, ƙadandoniya, da ƙananan ƙwari masu ɓawo. Jiki ya tace sinadaran ya ajiye a ƙofofin fata. An samu irin waɗannan sinadarai sama da 500 a fatar 'yan wannan dangi, kuma nau'i ɗaya a wurare biyu yana iya ɗaukar haɗi daban. Wanda aka haifa a akwati aka ciyar da shi ƙananan ƙudajen ayaba, ba shi da dafi ko kaɗan.

Wuri ɗaya ne dafi yake taimaka wa mai rarrabewa. Dafin da ake kira batrakotoksin, a cikin kwaɗi, na Phyllobates ne. Yana buɗe ƙofofin sodiyam na jijiya da tsoka ya hana su rufewa, sai zuciya ta rikice. Terribilis guda na daji yana iya ɗaukar har miligiram 1.9, shi ya sa mutanen Embera goga tsinke kawai suke yi a bayansa, alhali sauran biyun, bicolor da aurotaenia, sai an tsire su kafin su fitar da isasshe. An sake samun wannan sinadari a fuka-fukan tsuntsun pitohui na Niyu Gini a 1992, daga baya kuma a wasu ƙwari da tsuntsun yake ci. Wani dafin mai suna epibatidin kuma daga Epipedobates na Ekwado aka fara samunsa, ya ninka mofin kusan sau 200 wajen kashe zafi, amma tazarar da ke tsakanin magani da kisa a cikinsa ƙarama ce, bai zama maganin asibiti ba.

Tsohon suna da sabo, da gwajin ƙwayoyin gado

Littattafan da ke ɗakunan karatu da yawa an buga su kafin 2006. A cikinsu za a ga Dendrobates pumilio, Dendrobates imitator, Epipedobates trivittatus. Dabbobin nan su ne Oophaga pumilio, Ranitomeya imitator da Ameerega trivittata. A lura ƙarshen kalma ta biyu ma yana canzawa idan jinsin ya koma na mace a Latin, kamar histrionicus da ya zama histrionica. Kafin a miƙa aiki, a duba kowane suna a rumbun Amphibian Species of the World ko AmphibiaWeb, domin suna nuna tsohon suna da wanda ya maye gurbinsa. Hotunan shafin iNaturalist suna da amfani saboda suna zuwa da taswira.

Gawar kwalba tana da nata ruɗin. Etanol yana wanke ja da rawaya, kore da shuɗi su koma toka ko baƙi, zane ne kawai yake saura. Idan za a yi gwajin ƙwayoyin gado, a yanki ɗan nama a sa a etanol mai ƙarfin kashi 95 kafin a sa gawar a fomalin, domin fomalin yana farfasa ƙwayoyin gadon. Gawar kanta a kashi 70 ake ajiye ta. Sashen ƙwayoyin gado da aka fi karantawa a kwaɗi shi ne 16S, a kwatanta da abin da ke rumbun ƙwayoyin gado na GenBank. Bambancin kusan kashi 3 cikin 100 ana ɗaukarsa alamar a ƙara bincike, bai isa hukunci ba. A cikin Oophaga da Ranitomeya ma nau'o'i suna barbara da juna a inda suka haɗu, sai gwajin sashe ɗaya ya nuna sunan maƙwabci.

Idan mai rai ne a hannu

Tun 1987 kwaɗin dafi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta sa hannu a kai, don haka shigo da su ba takardar izini laifi ne. Wasu, irin su Oophaga lehmanni na Kolombiya, fataucin ɓoye ne ya kusa ƙarar da su. Wanda irin wannan dabba ta faɗo hannunsa ya sanar da hukumar kula da muhalli ta NESREA ko sashen ilimin dabbobi na jami'a mafi kusa. Kada a sake shi a lambu ko kwata. Cutar fangas da ta hallaka kwaɗi a duniya, Batrachochytrium dendrobatidis, daga shuɗin kwaɗon dafi aka bayyana ta a 1999, sunansa ma ta ɗauka, kuma baƙon kwaɗo ɗaya ya isa ya kawo wa namu wani irinta da ba su saba da shi ba.

Kafin a miƙa shi, a ɗauka na daji ne mai dafi, domin terribilis da aka kamo yana riƙe dafinsa shekaru a cikin akwati. A sa safar hannu a jiƙa ta da ruwa, kada a taɓa ido ko baki, kada mai yanka a hannu ya kama. Safar tana kare kwaɗon ma, fatarsa tana shan gishirin gumi da man shafawa da maganin sauro. Zafi shi ne babban makashinsa a nan. Yana son digiri 22 zuwa 26, yana fara galabaita idan an wuce 29, alhali a Fabrairu da Maris rana a Legas tana kai 32 ko 33, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka idan wuta ta ɗauke. A ajiye mazubin a ƙasan siminti a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da hayaƙin janareta, a sa kwalbar ruwan sanyi a naɗe da tsumma a jikin mazubin daga waje. A shimfiɗa takarda mai laushi a jiƙe da ganye biyu-uku na ɓuya, a huda murfi. Ruwan famfo mai kilorin a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi, kuma kada zurfinsa ya wuce ƙafar kwaɗon, domin waɗannan ba gwanayen iyo ba ne. Aunawa da hoto duka kada su wuce minti biyar, hoton ciki kuma ta ƙasan mazubi ake ɗauka ba tare da an kifar da shi ba.

A takardar da za ta bi dabbar ko hoton, a rubuta da fensir, domin etanol yana cinye tawada: tsawo a milimita, wanne yatsa ya fi tsawo da yadda aka ƙirga, akwai haƙora ko babu idan gawa ce, yanayin fatar baya, wurin da aka ce an samo shi da wanda ya faɗa, kwanan wata, da tsarin rarrabewar da aka bi. Idan jinsi kawai aka tabbatar, a rubuta sunan jinsin a bi shi da sp., misali Ranitomeya sp., a bar gurbin nau'in ga wanda zai samu hoton ciki ko sakamakon gwaji.